Kafin Teku Ya Kai ga Lesieli

Nuku'alofa, watan Yuli

Manase,

"Ranar da ruwa ya taɓa gindin kwakwar nan ta ƙarshe, da hannuna zan tono ta in kai ta tudu. Ba sai kin tuna mini ba."

Maganarka ce wannan. Ka faɗe ta ranar da muka binne mahaifiyarmu Lesieli, kana tsaye a bayan shingen ganyen kwakwa, ni ina zaune a ɗaya gefen cikin mata, domin ɗan'uwa ba ya kuka a gaban 'yar'uwarsa. Ban ga bakinka ba, amma na ji muryarka, matan da ke wurin ma sun ji. Shekara shida ke nan ban tuna maka ba, kamar yadda ka nema. Yau kwakwar tana kwance cikin ruwa, saiwoyinta a sama, yara suna hawa suna faɗawa teku daga kanta. Matuƙin jirgin ruwa ne ya ba ni labari yana dariya. Bai san kabarin wa ke bayanta ba.

Yanzu sai gaisuwa, tunda an koya mini ladabi. Ina gode wa Allah da ya raya mu zuwa yau. Ina gaishe ka, da matarka Uinise, da yara, da dukan mutanen tsibiri, na farke da waɗanda na ji an ce barci ya zama musu ibada.

An ce wani mai suna Isileli ya sauka tsibirinmu bara da jaka ɗaya da farar riga, ya ce Allah yana yi masa magana cikin barcin rana. An ce rabin cocinmu ya bi shi, har mawaƙa sun ragu sai tsofaffi masu tari. An kuma ce kai ne ke shimfiɗa masa tabarma. Kai, Manase, da Lesieli ta koya wa karatu da Littafin Allah a kan cinyarta, tana murɗa maka kunne in ka tsallake layi.

Na tsufa ina koyar da yara a garin nan, na karanta labarin irinsa a ƙasashe da yawa da zamanai da yawa. Riga takan canza, harshe yakan canza, amma kullum akwai mutum ɗaya da yake ji shi kaɗai, da jama'a da aka ce su rufe ido. Ba wannan ya sa na ɗauki alƙalami ba. Wanda ya ga dama ya yi barci har gashi ya tsiro masa a tafin hannu. Abin da ya dame ni shi ne tsakanin uwarmu da teku yanzu babu komai sai yashi.

Ka girme ni, na sani. Gonar da tudun naka ne, doka ba ta ba mace ko taki ɗaya ba, ba zan iya haƙa rami a can ba sai da bakinka. Amma ni 'yar'uwarka ce, kuma ka san a gidanmu maganar wa ke sama. Ni na raɗa wa 'ya'yanka suna. Ban taɓa amfani da wannan matsayi na matsa maka ba, ko alade ɗaya ban taɓa aikowa a kamo mini ba. Yau na yi amfani da shi.

Ngatu ɗin da ta buga da hannunta yana cikin akwatina, zanen ɓawon itacen nan mai hoton kurciyoyi, wanda ta ce a naɗe ta da shi in an tashi sauya mata makwanci. Man kwakwa mai ƙamshi ma na dafa. Abin da ya rage hannunka ne.

Ka ba ni amsa a jirgi mai dawowa.

'Yar'uwarka,
Siutaisa

*

Daga tsibiri, watan Yuli

Zuwa ga Siutaisa, 'yar'uwata mai daraja,

Godiya ta tabbata ga Ubangiji da ya kiyaye ki a babban gari. Na karɓi wasiƙarki da hannu biyu, na karanta ta a tsaye. Muna lafiya. Doya ta yi kyau bana, ga kwando biyu na sa miki a jirgi, da kifi busasshe.

Ban manta maganata ba. Amma lokacin da na faɗe ta ina cikin duhu, ban san abin da na sani yanzu ba.

Da ma kin ga tsibirin da tsakar rana. Idan inuwa ta shige ƙarƙashin ƙafa, sai Bawan Allah Isileli ya busa ƙahon katantanwa, mu taru a rumfa kan fararen tabarmi, mu kwanta. Iska tana ratsa mu. Manyan kifayen nan masu waƙa sun dawo bayan duwatsun ruwa da 'ya'yansu, idan ka sa kunne a ƙasa kana jin muryarsu tana tahowa ta cikin yashi, kamar mawaƙa a wani coci mai nisa da ba a buɗe ƙofarsa ba. Sai jiki ya yi sauƙi. Sai mutum ya ga abubuwa.

Ga abin da aka nuna masa. Kin san a wurinmu rana take fara fitowa kafin ko'ina a duniya. Muna cin abincin Lahadi wasu ƙasashe suna cikin Asabar. To, ranar ƙarshe ma a nan za ta fara. Ƙaho zai taso daga gabas, ta kan ruwa, matattun da ke kwance a bakin tekunmu su ne za su fara ji a cikin dukan 'yan Adam. Su ne sahun farko. Lesieli tana sahun farko, Siutaisa. Wanda ya ɗauke ta ya kai tudu, ya cire ta daga gaba ya mayar da ita baya. Kuma teku ba zai ci su ba, domin Allah ya yi wa Nuhu alkawari, ya rataye bakan gizo shaida. Wanda ya gudu da mamacinsa ya ce Allah maƙaryaci ne.

Bawan Allah ya gan ta. Bai taɓa saninta da rai ba, amma ya gan ta cikin farin kaya tana tafiya a kan ruwa mara zurfi, ya faɗi tabon ƙunar da ke wuyan hannunta na hagu. Wa ya gaya masa wannan? Ta ce masa: ku ce wa ɗana kada ya tashe ni kafin lokaci.

Akwai kuma batun hannu. Kin san wanda ya taɓa ƙasusuwa hannunsa yakan haramta, ba ya kai abinci baki, sai wani ya ba shi kamar jariri har kwanakin su cika. Bawan Allah ya ce wannan ragowar zamanin duhu ne, wanda aka fansa ba ya komawa cikinsa.

Ina roƙonki da dukan girmamawa, ki bar ngatu ɗin a akwati. Ki zo ki kwanta a rumfa sau ɗaya, a ɓangaren mata, ki ji da kunnenki.

Allah ya ba ki salama.

Ɗan'uwanki mai biyayya,
Manase

*

Daga tsibiri, watan Agusta

Gwaggon 'ya'yana,

Sannu da aiki, sannu da haƙuri da mu. Ina fata ƙafarki ta daina kumburi. Ki yi haƙuri da rubutuna, a kan murfin tukunya nake yi, mijina bai san na rubuto ba. Yana barci. Kowa yana barci. Ni da aladu ne kawai a farke a tsibirin nan, kuma sun fi ni samun riba, jiya sun gama da gwazar gidaje uku ba wanda ya ce musu kanzil.

Siu, teku ya ɗauke tsoho Paula mai sassaƙa kwale-kwale. Kabarinsa ne na kusa da na Lesieli ta wajen ruwa. Da babbar cikar ruwan da ta wuce, mun fito da safe muka tarar da bargon adon da 'yarsa ta rataya masa yana shimfiɗe a kan teku, bai ko lanƙwashe ba, furanninsa ja da rawaya suna hawa suna sauka, sai ka ce an shimfiɗa wa wani baƙo mai zuwa daga nesa. Kwalaben da aka kewaye kabarin da su suna birgima a bakin ruwa suna ƙara kamar ƙararrawa. Wallahi da kyau, har na ji kunyar ganin kyansa. Inda kabarin yake kuwa, sumul.

'Yarsa ta ruga wurin Isileli tana ihu. Ya lumshe ido, ya daɗe, sannan ya ce, "Share hawayenki. An kira shi kafin lokaci. Ya riga mu shiga."

Aka hau tafi da waƙa. Bayan kwana biyu sai ga muƙamuƙin Paula a cikin komar masunta. Kin san tsohuwa Mo'unga, bakinta ba ya da murfi. Ta ɗaga shi sama a gaban rumfa ta ce, "Bawan Allah, an kira shi sama an bar haƙoransa a ƙasa? Da me zai ci liyafar?"

Ya ce, "Uwa, jiki na ƙasa ne."

Ta ce, "To in na ƙasa ne, sahun farkon na mene ne?"

Aka ce tsufa ne.

Akwai abin da Manase bai gaya miki ba, na sani, don na ga yana rubutu yana gumi. Bukkar Isileli a kan tudunku take, a gindin bishiyar heilala, daidai inda kuka ce za a mayar da Lesieli. Manase ne ya gina masa. Ranar da na kai masa abinci na kasa riƙe bakina, na ce, "Bawan Allah, tunda teku ba zai hau ba, me ya kai ka tudu?"

Ya ce, "Don in fi jin ƙaho, 'yata."

Na ce, "Af, ni na ɗauka a bakin ruwa za a fara ji."

Mijina ya taka mini ƙafa har yau yatsan bai warke ba.

Ba zan ce mutumin mugu ne ba, Siu, ban sani ba. Muryarsa da sanyi. Da safe mata sukan kai masa abinci su zauna, yana tambayarsu labarin mamatansu a hankali, yana sauraro kamar duniya ba kowa sai kai. Ni ma na zauna, na ba shi labarin surukata har na yi kuka. Wa ya taɓa tambayata irin wannan?

Yashin da ya rage tsakanin Lesieli da ruwa bai fi tsawon tabarma ba. Kullum ina zuwa in gyara mata baƙaƙen duwatsun da ke kan kabarinta in shafa musu mai. Abin da zan iya ke nan. Ni matar gida ce, ba jininta ba, ba ni da hannun taɓa ta.

Yara suna gaishe ki, sun ce alewar da kika aiko ta narke a jirgi amma sun lashe takardar.

Taki,
Uinise

*

Nuku'alofa, watan Agusta

Uinise,

Allah ya saka miki, ya warkar da yatsan. Kin fi mijinki ido, amma kada ki gaya masa na ce haka.

Tambaya ɗaya. Cikin labarin da kika ba Isileli har kika yi kuka, kin ambaci ranar da tanderun ƙasa ya ƙone ta a wuyan hannu? Ba sai kin amsa ba.

Ga abin da nake so. Ki koma ki zauna da abincinki, ki ba shi wani labarin. Ki ce Lesieli ce shugabar mawaƙan coci, muryarta har tsibirin maƙwabta ake ji, kuma da jan mafici na gashin tsuntsu take ba da hannu. Ki faɗa masa shi kaɗai. Ki yi ɗan hawaye in zai samu.

Ƙarya ce, alhakinta a wuyana. Kin san yadda take waƙa. Kin san malamin mawaƙa ya roƙe ta don girman Allah ta riƙa motsa baki kawai. Mafici kuwa, kwali take yagewa ta yi fifita da shi. An umarce mu mu gwada ruhohi, ba a ce mu shimfiɗa musu tabarma ba. Idan daga sama yake samun labari, sama ta san muryar Lesieli, ta sha wahalarta shekaru da yawa.

Ga maganin shafawa na sa miki cikin kwandon da na mayar.

Siutaisa

*

Daga tsibiri, watan Satumba

Gwaggon 'ya'yana,

Gaisuwa a gurguje, jirgi yana huci.

Isileli ya faɗa tarkon, Siu! Bai ko yi mako ba. Ranar Laraba bayan barci ya tashi zaune, idonsa jawur, ya ce, "Manase, ɗana, matso. Na ga mahaifiyarka. Tana tsaye gaban rundunar mawaƙa fiye da yashin teku, duk suna kallon hannunta. A hannun kuwa akwai jan mafici na gashin tsuntsu."

Tsofaffin mata suka sunkuyar da kai, kafaɗunsu suna rawa. Sai Mo'unga daga can baya ta ce, "Lesieli? Wayyo mala'iku, Allah ya ba ku haƙuri!"

Ni dai dariya ta ƙwace mini, na faɗi a kan tabarma ina riƙe ciki. Da na ɗago na ga fuskar mijina, dariyar ta tsaya mini a wuya. Ba fushi yake ba. Murmushi yake, hawaye na zuba, yana cewa a hankali, "An gyara mata murya. Ta samu abin da take so."

A gida na gaya masa komai, da sunanki a ciki, ki yafe mini. Na ce, "Ni na ƙirƙiro maficin nan, Manase, a bakin murhu, ina ɓare rogo." Bai zage ni ba. Da ya zage ni da na fi jin daɗi. Ya ɗauki tabarmarsa ya tafi bakin kabarin ya zauna har ruwa ya jiƙa masa zane. Washegari da aka busa ƙaho ya tashi ya koma rumfa.

Gidaje biyu sun daina zuwa. Sun tono nasu sun kai gonakinsu, ni na ba matar ɗaya daga cikinsu abinci a baki. Sauran suna nan. Isileli ya ce Shaiɗan ya aiko da dariya don ya gwada zaɓaɓɓu, kuma yanzu ba ya cin abincina. Ya huta, na huta.

Ruwa ya fara lasar kwalaben Lesieli na gefen ƙafa. Masunta sun ce cikar da za a yi in wata ya cika a watan gobe za ta fi ta Paula.

Taki,
Uinise

*

Nuku'alofa, watan Satumba

Manase,

Ina gaishe ka da sunan Ubangijin da ba ya bukatar matarka ta ba shi labari kafin ya sani. Doyar ta iso, na gode.

Kada ka ga laifin Uinise, ni na aike ta. Ka tambaye ni wa ya gaya wa Isileli tabon hannu. Yanzu ka sani. Da safe yake karɓa, da rana ya mayar muku da kayanku a naɗe cikin farin ƙyalle, ku kuma ku yi ta godiya kamar daga sama aka sauko da su.

Bari in bi maganarsa ɗaya bayan ɗaya, tunda aikina ke nan.

Nuhu. An yi alkawarin ba za a sake shafe duniya duka da ruwa ba. Ba a yi alkawarin yashin bakin tsibirinmu ba. Mutane nawa muka rasa a teku tun muna yara, da bakan gizo a sama? Kuma Nuhun da yake kafa hujja da shi, da aka gaya masa ruwa na zuwa, barci ya kwanta ko gatari ya ɗauka?

Sahun farko. Wane irin Allah ne wannan da zai tashi dukan matattun duniya, na cikin wuta da na cikin kifi, amma tudun gonarmu ya yi masa nisa? Layin da ya sa rana take fara fitowa a wurinmu, Manase, mutane ne suka zana shi a kan taswira, suna zaune a kujeru a wata ƙasa mai sanyi. Na koyar da shi a aji har allo ya gaji. Da sun zana shi gefe kaɗan, da mu ne na ƙarshe.

Zamanin duhu. Yusufu ya sa 'yan'uwansa sun rantse za su ɗauki ƙasusuwansa in sun tashi, aka kuwa ɗauka aka yi ta yawo da su cikin hamada, ba wanda ya ce sun kafirta. Lesieli ce ta karanta mana wannan, da muryar nan tata mai kama da ƙofar da ba a sa wa mai ba.

Sannan ka dubi inda yake kwana. Ban damu da abin da mutum yake faɗa game da teku ba, inda ya shimfiɗa tabarmarsa nake dubawa. Ya sa uwarka a gaban ruwa, shi ya hau makwancinta.

Wannan duk ka sani. Ba jahili ba ne kai. Shi ya sa fushina ya ƙi sauka, don ban gane abin da ya riƙe ka ba. Ka gaya mini gaskiya, ko da ba irin maganar da ɗan'uwa yake yi wa 'yar'uwarsa ba ce. Takarda ba ta da ido.

Siutaisa

*

Daga tsibiri, watan Satumba

Siutaisa, 'yar'uwata,

Na gode wa Allah da lafiyarki. Ki gafarta mini, wannan ba za ta yi tsari ba.

Na san babu mafici. Tun yana faɗa na sani.

Shekara biyar bayan rasuwarta ban taɓa ganinta a mafarki ba, ko sau ɗaya. Ke kin ce tana zuwa miki tana faɗa a kan wanki. Uinise ma ta gan ta. Ni da na zauna da ita har ƙarshe, na ɗauke ta na kai bayan gida na dawo da ita, ni ba ta zo mini ba. Har fuskarta ta fara ɓace mini, sai in tuna kunnenta in rasa hancinta.

Ranar farko da na kwanta a rumfar nan ta zo. Ba cikin farin kaya ba. Da tsohuwar tabarmar nan da take ɗaurawa a ƙugu, mai yagaggen baki, tana zaune cikin ruwa mara zurfi tana tsintar katantanwa, ƙananan kifaye suna zagaya ƙafarta. Ta ɗago ta dube ni kamar na makara da dawowa daga gona. Tun ranar kusan kullum tana zuwa. Wani lokaci tana waƙa, kuma muryar tata ce, ba a gyara komai ba. Wannan ban gaya wa Isileli ba, ban gaya wa kowa ba. Nawa ne.

Ban sani ba ko shi ya kawo ta, ko barcin ne kawai, ko waƙar kifayen. Ina tsoron in na bar rumfar ta daina zuwa. Kuma ina tsoron buɗe yashin. Yanzu tana da fuska, Siutaisa. In na tona, abin da zan gani shi zai zauna mini a ido har in mutu, ba zan ƙara ganin mai tsintar katantanwa ba.

Kin ce in faɗi gaskiya. Jiya na ɗauki shebur na je har wurin. Ruwa ya janye, yashi yana sheƙi, tsuntsaye suna tafiya a kan inuwarsu. Na tsaya. Sai aka busa ƙaho.

Ki yi mini addu'a. Kada ki zo ki gan ni haka.

Ɗan'uwanki,
Manase

*

Nuku'alofa, farkon Oktoba

Manase, ɗan'uwana,

Na gode wa Allah, na gode maka. Na karanta sau biyu, na biyun a zaune.

Matar da ke tsintar katantanwa ba Isileli ya kawo ta ba. Wadda shi ya kawo ita ce mai mafici. Taka ta zo ne don karo na farko cikin shekaru ka kwanta ka huta, kuma za ta same ka a ƙarƙashin kowace bishiya. Ban isa in rantse maka a kan wannan ba, ni ba na gani a barci. Abin da zan iya rantsewa a kai shi ne, in ka bar ta, wata safiya Mo'unga za ta ɗaga wani abu daga cikin koma, kuma shi ne zai zauna maka a ido.

Fushina bai tafi ba, ya dai sami wurin zama.

Zan shigo jirgin da zai iso ranar Talata kafin wata ya cika, da ngatu da man. Kana da lokaci har jirgin ya jefa anka. Idan na sauka na tarar ka sauke bukkar nan ka haƙa rami a gindin heilala, to mu je tare. Kai ka tona, ni in karɓa in shafa mai in naɗe, ba sai ka dubi fuskar ba, wannan nawa ne. Hannunka zai haramta, nawa ma, Uinise ta ciyar da mu biyu kamar tagwaye.

Idan na tarar kana rumfa, ba zan tashe ka ba. Zan tona ni kaɗai da rana tsaka, in ɗauko ta a ƙirjina in ratsa ta tsakiyar masu barci, in hau tudun da doka ta ce ba nawa ba ne, in ce wa baƙonka ya matsa. Daga nan zan sauko da haramtattun hannuwana in shiga gidanka, gidan da al'ada ta hana ni, 'yar'uwarka, taka cikinsa tun da muka girma, in zauna a kan tabarmarka. Ba zan karɓi loma daga Uinise ba, ko daga yara, ko daga kowa a tsibirin. Daga hannunka kawai, a gaban duk wanda ya zo kallo. In ka ga kunya ta fi ƙarfinka, sai ka zauna ka ga tsawon kwanakin da 'yar Lesieli za ta iya yi ba ci.

Ka gaida Uinise da yara. Ka wasa shebur.

Da ƙauna,
'yar'uwarka Siutaisa